Sabulu ko kyandir? Na ɗauki adashina, ku ba ni shawara kafin kuɗin su narke

Maman_Iman: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sana'ar sabulu da masu kyandir ku zo ku fitar da ni. Watan jiya na ɗauki adashina, dubu ɗari da hamsin, na shiga wani horo na kwana uku da aka yi mana a unguwarmu a nan Kano. Na dawo gida na haɗa sabulun wanka guda 40. Da ya kwana bakwai na rarraba wa maƙwabta su gwada. Ɗaya ta aiko 'yarta ta ce in yi haƙuri, jikinta kamar ta kwanta a kan ƙaiƙayin gero. Sauran sun yi shiru, kun dai san shirun maƙwabta. Ga wani farin gari ya fito a samansa, wasu ma sun tsattsage. Abban Iman ya ce in haƙura da sabulu in koma kyandir, tunda wuta ba ta zama. Saura dubu ɗari da goma a hannuna. Wanne zan kama?

Ummu_Sultan: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a neman. Shirun maƙwabtan nan ya ba ni dariya wallahi, na san shi farin sani.

Hajiya_MaiSanda: Kafin a kai ga kyandir, Maman Iman, faɗa mini da me kika auna, kuma wane mai kika zuba. Ruwa ba ya tsami banza.

Maman_Iman: Hajiya da gwangwanin madara na auna. Malamar ta ce gwangwani ɗaya na kostik soda, uku na ruwa, a bar shi ya kwana biyu. In an zo haɗawa, mai biyu, ruwan soda ɗaya. Ita da man alayyadi ta yi mana a aji. Ni da na je Sabon Gari na ji kuɗin alayyadi sai na ja da baya, na dawo na yi da man gyaɗa tunda ina da galan a gida. Na ce ai mai mai ne.

Malam_Kimiyya: Maman Iman, a wannan "mai mai ne" ɗin kuɗinki suka tafi. Ina koyar da kimiyya a sakandare a Zariya, duk shekara ina haɗa sabulu da ɗalibai, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan tsawaita. Kowane mai da yawan sodar da yake iya cinyewa. Kilo ɗaya na alayyadi yana cin kusan giram 175, man kwakwa ya ɗan fi haka, manja wajen 140, man gyaɗa 137, man kaɗe kuwa wajen 128. Awon da malamarku ta ba ku na alayyadi ne. Lita ɗaya ta irin wannan ruwan sodar tana ɗauke da soda kusan giram 320, kuma abin da lita biyu ta alayyadi ke buƙata ke nan. Lita biyu ta man gyaɗa 250 ya ishe ta. Ragowar giram saba'in ɗin ba su sami man da za su ci ba, sai suka zauna a cikin sabulun suna jiran fatar maƙwabciyarki. Tsagewar ma daga nan take.

Na biyu, kin yi gaggawa. Sabulun da ba a dafa a wuta ba sai ya yi sati huɗu zuwa shida a inuwa, inda iska ke ratsawa, kafin ya hau jikin mutum. Amma kada ki sa rai ajiya za ta gyara wannan da kika yi. Farin garin ne kawai mai sauƙi, sodar saman ce ta haɗu da iska, goge shi ake yi, har sabulu mai kyau yana yin sa.

Hajiya_MaiSanda: Malam Allah ya ƙara sani. Amma ni shekarata goma sha biyu ina sabulun wanki a Funtuwa ban taɓa riƙe biro na yi wannan lissafin ba. Geji, ma'aunin ƙarfin ruwan soda, nake tsomawa a ciki, in ya tsaya a 1275 shi ke nan, in ya wuce in ƙara ruwa. Kada ku tsorata yarinya da giram-giram ta gudu.

Malam_Kimiyya: Hajiya ai lissafin ne gejin yake yi miki. 1275 ɗin nan nauyin lita ɗaya ne a giram, wato kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan soda ce. Yana yi miki daidai ne don ba kya canza mai. Geji ruwan soda kawai yake aunawa, bai san abin da ke cikin duron mai ba.

Hajiya_MaiSanda: To nan kam ka taɓo mini inda yake ciwo. Shekara uku da suka wuce wani ya sayar mini da duro guda, ya rantse alayyadi ne tsantsa. Na haɗa duka a rana ɗaya saboda ina da odar masu shago. Washegari na buɗe katakon, sabulu yana tsatsafar da mai, in ka taɓa kuma yana cin hannu. Ashe an gauraya shi da wani man da ba ya zama sabulu. Sai da na yi wata huɗu kafin na farfaɗo. Tun daga ranar duk man da ya shigo gidana sai na gwada kofi ɗaya ya kwana tukuna, ko daga hannun ɗan'uwana ya fito.

'Yar_Yerwa: Bari in amsa ɗaya ɓangaren tunda kyandir nake yi. Maman Iman, ki gaishe da Abban Iman, ki ce masa zamanin da ake sayen kyandir don an ɗauke wuta ya wuce. Yau kowane gida akwai fitila mai caji ko ta sola, mara ita ma yana da tocilan a wayarsa. Farin kyandir na kwali kuma kamfanoni da injinsu suke zubawa, ba za ki iya karya musu farashi da hannu ba. Abin da ya rage mana shi ne kyandir mai ƙamshi a cikin gilashi, shi kuma ba kayan talaka ba ne. Masu sayena yawanci 'yan Abuja ne da masu biki da ke son abin rabo. A nan Maiduguri in ka ce wa mace ga kyandir mai ƙamshi, sai ta kalle ka ta kalli kaskonta. Wadda ta tashi cikin turaren wuta da humra me kyandir zai gaya mata?

Ga zafi. Karon farko da na aika oda, watan Afrilu ne, dogayen kyandir guda sittin, direba ya jefa su a but. Da matar ta buɗe kwali ta turo mini hoto, duk sun lanƙwashe kamar ayaba, sun manne da juna. Kakin kyandir yana narkewa ne a wajen digiri hamsin da wani abu zuwa sittin, amma tun kafin nan yake laushi. But ɗin mota a rana kuwa kun san yadda yake. Na mayar mata da kuɗinta, na kwana ina kuka.

Ummu_Sultan: Ayya Anti. To yanzu ya kike yi da bazara?

'Yar_Yerwa: Na daina dogaye gaba ɗaya, sai na gilashi da na gwangwani, ko ya yi laushi yana cikin mazubinsa. Ina ƙara wani sinadari da ake kira siterik, kamar kashi goma cikin ɗari, yana sa shi tauri. Kuma motar dare ko ta asuba nake ba wa. Kakin waken suya da 'yan Instagram ke yayi ya fi saurin narkewa, ga shi daga waje ake kawo shi, duk motsin dala sai ya taɓa ki.

Baban_Khalifa: Salamu alaikum iyayenmu mata. Ni mai shagon kayan masarufi ne a Gusau, bari in faɗi abin da nake gani daga bayan kanta. Kwalin kyandir ɗaya sai ya yi wata biyu a shagona. Sabulun wanki kullum sai an saya, ko ba a ci nama ba sai an yi wanki. Amma mai saye ba ya tambayar wane mai aka zuba. Zai ɗaga sandar ya ji nauyi, ya danna da babban yatsa ya ga ko tana lotsawa, ya sunsuna, sannan ya tambayi kuɗi. In ya kai gida matarsa ta ce ba ya kumfa ko yana saurin ƙarewa, ba zai sake ɗauka ba, kuma ni zai zo ya yi wa ƙorafi. Sannan ku riƙa sa leda mai kyau da suna. Wata ta kawo mini nata a kwalin taliya, tsirara, ƙura ta hau. Sabulun yana da kyau amma ba wanda ya kalle shi.

Hajiya_MaiSanda: Baban Khalifa ka manta ba ka faɗi "ajiye, in ya shiga in biya" ba. Ku masu shago ku ne ke karya mu.

Baban_Khalifa: Hajiya a yi mana afuwa. Mu ma a kasuwar Singa ta Kano ba a ba mu bashi sai an san mu. Bashi hanji ne.

Hajiya_MaiSanda: Yana cikin kowa, amma na wasu ya fi tsawo. Akwai mai shagon da ke riƙe mini kuɗin katan uku tun kafin azumi, in na je sai ya ce ai kayan ba su ƙare ba, alhali ina hango kantar babu ko ɗaya.

Anti_Nas: Ku yi haƙuri in katse ku, akwai abin da tun ɗazu nake jira wani ya faɗa. Maman Iman ta ce ana barin ruwan soda ya kwana biyu. A ina kika ajiye shi, kuma Iman shekararta nawa? Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara. Ruwan soda fari ne tas kamar ruwan sha, ba shi da wari. Na ga yaron da bai kai shekara uku ba, uwarsa ta zuba ragowar a gorar ruwa ta ajiye a bayan ƙofa, ya ɗauka ya kurɓa. Kurɓa ɗaya. Bakin ya warke a 'yan makonni, amma maƙogwaron ya tsuke daga ciki, ko koko ba ya wucewa, sai da aka huda ciki aka sa masa robar abinci. Uwar nan har yau ina ganin fuskarta. Kuma kafin a kawo shi an ɗura masa manja, an sa masa yatsa ya yi amai. Don Allah kada a yi haka, aman yana sake ƙona hanyar ne karo na biyu. A garzaya asibiti kawai. In a fata ko ido ya zuba, a yi ta kwarara ruwa mai yawa na aƙalla minti goma sha biyar kafin komai.

Maman_Iman: Innalillahi. Anti jikina ya yi sanyi. Shekararta biyu da rabi. A ƙarƙashin teburin kicin na ajiye, a bokitin fenti, na dai rufe da faranti. Allah ne kawai ya tsare.

Malam_Kimiyya: Allah ya saka wa Anti Nas da alheri. In ƙara: soda ake zubawa a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda, yana iya tafasowa ya fantsamo fuska. A yi a tsakar gida, da safar hannu da tabarau. Kada a kusanto da tukunyar dalma ko wani kwanon alminiyam, soda tana cin sa. Roba mai kauri ko silba mara tsatsa. Kwana biyun nan ma ba dole ba ne, da ya narke ya huce ya yi. In za a ajiye, sai a ɗakin da ke da kwaɗo.

Zee_Glow: Hmm. Ni dai gaskiya zan faɗa ko za a ji haushi. Duk wannan wahalar a kan sabulun da ribarsa ba ta kai kuɗin kati ba. Kuɗi suna wajen sabulun haske. Ki sayi sabulun Gana ki daka, ki zuba kayan haɗi, ki sa a roba mai kyau. Amarya ɗaya za ta ba ki abin da mai sanda ba ta samu a sati ba. Mai so ta yi mini magana ta gefe.

Anti_Nas: Zee, kayan haɗin me da me? Faɗa mana a nan.

Zee_Glow: Sirrin sana'a ne Anti. Amma duk na gargajiya ne, kurkur da zuma da su lemon tsami.

Hajiya_MaiSanda: Kurkur da zuma ba sa mayar da baƙa fara a kwana bakwai, ɗiyata. Mun san abin da ake matsawa daga tub.

Anti_Nas: Shi ne. Mayukan da likita ke rubuta wa mai ciwon fata na 'yan kwanaki su ake juyewa a ciki, wasu har da masu sinadarin makuri, wato zaiba, wanda ke lalata ƙoda. Fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, in aka yi tiyata ɗinki ya ƙi kamawa. A 2023 sai da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta fito ta ce lamarin bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Yanzu har jarirai ake shafa wa. Ban ce ke kina yi ba Zee, amma wanda ya ƙi faɗin abin da ya zuba ni ba zan sa a jikina ba.

Zee_Glow: Ai ba dole. Masu saye suna saye.

Shugabar_Zaure: A dawo kan tambayar Maman Iman don Allah. Kuma tallan kaya ranar Juma'a ne kawai, kowa ya sani.

Inna_Maraɗi: Ina gaisuwa ga kowa. Ɗiyata ce ke rubuta mini. Ina jin ku da soda da geji, sai na tuna tsohuwata, Allah ya jiƙan ta. Ita ba ta taɓa sayen komi ba wajen sabulu. Bayan kaka sai mu tara karan hatsi da na dawa mu ƙone, mu kwashe tokar. Akwai wata tsohuwar tukunya mai huda a gindi, ta shimfiɗa ciyawa a ciki, ta cika da toka, ta zuba ruwa, ta aza bisa wata tukunyar. Dare guda yana ɗiga, ja kamar shayi. Wannan ruwan za ta dafa har ya ƙafe ya yi ƙarfi, ta ɗan taɓa a harshe, in ya cije ta ta ce ya yi. Sannan ta sa kitsen da ta roƙo wurin mahauta, ko man kaɗe in an samu. Daga nan sai tuƙi da muciya, tun hantsi har la'asar, mu yara muna karɓar ta. Yana kumfa yana faɗawa har ya yi baƙi ya kama jikinsa, ta curo shi da hannu tun da ɗuminsa. Shi ne sabulun salo. Da shi aka yi mana wankan jego, da shi muke wanke kai. Ranar kasuwa ta aza a faifai, kafin azahar ya ƙare. Yanzu na ga 'yan birni suna sa shi a roba suna ba shi sunan Turanci.

Ummu_Sultan: Allah ya jiƙan ta Inna. Wallahi har na ji warin. Kakata a Bici haka take yi, sai dai mu guduwa muke in an zo tuƙin.

Malam_Kimiyya: Inna Allah ya ƙara lafiya. Abin da ke cikin tokar ɗan'uwan soda ne, sai dai shi sabulu mai laushi yake bayarwa, shi ya sa salo ba ya yin sanda. Na Yarbawa da na Gana da ɓawon koko da na ayaba suke ƙona tasu tokar. Amma gwajin harshen nan a bar wa su Inna, kada wata ta gwada da ruwan kostik soda.

Nnawo_Bida: Tunda an ambaci man kaɗe. Mu nan jihar Neja a bakin ƙofa yake. Maman Iman in za ki yi na wanka ki sa shi ko kashi ɗaya cikin biyar ne, yana hana sabulu busar da fata, musamman da hunturu. Alayyadi zalla kumfa ne da shi amma yana sa jiki ya yi fari fat. Shi kuma kaɗe zalla ba ya kumfa, sai an haɗa. Ki saya da damina zuwa kaka lokacin da mata ke soyawa, ki ajiye. Da gwamnati ta hana fitar da ƙwallon kaɗanya waje na wata shida a Agustan 2025, kuɗin ƙwallon ya faɗi a ƙauyukanmu, masu tsinta suka yi ta kuka, mu masu sayen mai muka ɗan sarara. Ki kula da masu gauraya shi da kitse. Na gaske in kika murza a bayan hannu narkewa yake ya shige, ga ƙaurin hayaƙi-hayaƙi.

Akanta_Hauwa: Ni ba na yin sabulu, amma ina duba wa mata uku littafinsu, kuma ciwonsu ɗaya. Sai ta ce na kashe dubu talatin na sayar dubu arba'in, na ci ribar goma. To a ce haka ne. Ina kuɗin adaidaita zuwa kasuwa da dawowa? Leda da sitika? Datar da kika ƙona kina ɗora hoto? Guda biyar da suka fashe wajen yanka, da shida da kika ba dangin miji su gwada? Ranar da kika wuni a tsaye fa, kyauta ce? In aka cire, goman nan sai ta koma uku. Sannan ga wanda ba a faɗa a wajen horo: Malam ya ce sati huɗu zuwa shida. Wato kuɗinki za su kwanta a kan katako wata guda ba sa motsi, kafin nan kuɗin mai ya tashi. In kika zuba dubu ɗari da goman nan a zubi ɗaya, wata guda ba ki da abin sayarwa, ba ki da abin sake saye. Ki raba uku ko huɗu, ki riƙa zubawa duk sati, yadda in na farko ya nuna na biyu yana bin sa. Kuma kuɗin sabulu ba na cefane ba ne, ko Abban Iman ya ce ara mini zuwa jibi.

Baban_Khalifa: Hajiya Akanta, mu mazan me muka yi ne yau?

Akanta_Hauwa: Jibin ne ba ya zuwa, Baban Khalifa.

Mama_Rahila_Jos: Sannunku. Ina so in ɗan saɓa wa 'Yar Yerwa. Kasuwar kyandir ba ta mutu ko'ina ba, sai dai ki san inda take. Ni coci-coci nake kai wa, musamman lokacin Ista da Kirsimeti da bikin baftisma, kuma da kakin zuma nake yi. Masu zuma da yawa in sun matse saƙar zubar da ita suke, ban da su san kuɗi ce. Ina karɓowa in dafa da ruwa in tace da tsumma, in ya huce kakin ya taso sama kamar faifai. Ya fi na kanti jure zafi, sai ya haura digiri sittin yake narkewa, ga ƙamshinsa na kansa. Wahalar tana wajen lagwani. In ya yi kauri sai hayaƙi da baƙi a gilashi, in ya yi siriri sai ya haƙa rijiya a tsakiya ya nutse ya mutu. Kowane sabon mazubi sai na kunna ɗaya na zauna ina kallon sa awa uku.

'Yar_Yerwa: Mama Rahila ai ke Jos kike, garin sanyi. Ki zo nan da Afrilu mu gani. Amma maganar lagwani gaskiya ce. Kuma ga masu tambayata ta gefe ko za a iya zuba humra a kaki: ba ya yi. Duk turaren da ke da ruwa ko sifirit ba ya haɗuwa da kaki, kwanciya yake a ƙasa, wani ma ya kama da wuta. Sai turare mai maiƙo, shi ma kada ya wuce kashi shida zuwa goma cikin ɗari. Kaki kuma ba a ɗora shi kai tsaye a wuta, tukunya a cikin tukunyar ruwa ake yi. In ya kama, murfi za ki kifa, kada ki watsa ruwa.

Ummu_Sultan: Ni tsoron kyandir nake tun gobarar da aka yi a layinmu da hunturu, yara aka bari da shi a kan akwati. Ko kyauta aka ba ni a biki ado nake yi da shi.

Sadiya_KD: Wai me ya sa ba wanda ya ce ta fara da sabulun ruwa? Jari kaɗan, yau ki haɗa gobe ki sayar, babu jiran wata guda. Masu abinci da masu wankin mota suna ɗauka da jarka.

Hajiya_MaiSanda: Saboda kowane gida a layinku akwai mai yin sa, Sadiya. Duk horon da aka yi wa mata shi ake fara koya musu. Har ya kai ana tsinka shi da ruwa don a karya farashi.

Sadiya_KD: Duk da haka ni shi ke biya wa yarana kuɗin makaranta. Nawa ba na tsinkawa, kuma na daina sa fomalin tun da na ji da shi ake adana gawa, akwai wasu magungunan hana lalacewa da ba su kai shi illa ba. Masu abinci huɗu nake kai wa duk Asabar, ba su taɓa canza ni ba.

Abu_Fatima: Tambaya don Allah. Matata tana yi, wani babban kanti ya ce ba zai karɓa ba sai da lambar NAFDAC. Dole ne?

Akanta_Hauwa: A doka, sabulun da za a sa wa suna a kai kasuwa yana cikin kayan da NAFDAC ke yi wa rajista. Sai kun fara yi wa sunan sana'ar rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan ku nema, ta intanet ake cikewa yanzu. Za su zo su ga wurin, kuma ba sa karɓar kicin ɗin da ake girki, sai wuri na daban, su kuma gwada samfurin. Ku leƙa ofishinsu na jiharku da kanku, ko na SMEDAN, hukumar ƙananan sana'o'i, su yi muku bayani. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne buga lambar wani a jikin kayanku, wasu na yi, ranar da aka kama ba daɗi.

Abu_Fatima: Na gode. Wuri na daban ɗin ne aiki, gidan haya muke.

Maman_Iman: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta duka har sau biyu. Na nuna wa Abban Iman maganar 'Yar Yerwa, ya ce to shi dai ya faɗi nasa. Jiya na sayi ƙaramin sikeli mai batir da kwaɗo, na kwashe komai na kai ɗakin da muke ajiye tarkace. Zan gwada kilo ɗaya kacal, alayyadi da manja da ɗan kaɗe yadda Nnawo ta ce. Na je na ba maƙwabciyata haƙuri, ta ce ba komai, wai ta wanke tukwane da shi sun fita tas. Amma zuciyata ba ta bar kyandir ɗin Mama Rahila ba, don ƙanin babana yana da amya a ƙauye, ban taɓa tambayar inda yake kai saƙar ba. Yanzu guda 33 ɗin da suka rage fa, in zubar?

Hajiya_MaiSanda: Ki zubar da me? Ki goge su a magogin kuɓewa ki riƙa wankin tsummokara da banɗaki, da safar hannu.

Malam_Kimiyya: Ko ta goge ta narka a wuta da ɗan ruwa, ta ƙara man da ya yi ƙaranci. Lita nawa kika zuba gaba ɗaya, Maman Iman? In kin tuna zan lissafa miki. Ki turo mini ma nauyin kowane mai na sabon haɗin kafin ki jiƙa soda.

Maman_Iman: Malam gwangwani na ƙirga ba lita ba. Ina jin sha takwas ne, ko ashirin.

Hajiya_MaiSanda: To Malam, sai ka lissafa "ko ashirin".

Zee_Glow: Manja zai sa ya yi ja fa, ba wanda zai saya.

Nnawo_Bida: Ana soya shi ya washe kafin a zuba. Amma a tsakar gida, Maman Iman, hayaƙinsa sai ya kori mutanen layi.